Mariƙin Ƙofar Tagulla

Auta ta riga kowa zuwa ofis ranar, ta kunna kwamfuta tun kafin ta sauke jaka daga kafaɗa. Kamfanin nasu ƙarami ne, ɗaki biyu da wani ɗan lungu a saman bene, ƙasansu kuma shagon masu gyaran firinta. Wasan kwamfuta suke haɗawa, irin na duniyar almara, mai dodanni da birane da ruwa ya cinye. Aikinta shi ne ba kowane abu na cikin wasan tarihi. In an zana takobi, ita za ta faɗi wanda ya ƙera shi da wanda ya mutu a kansa. Shi ya sa a ofis ba a kiranta da komai sai Marubuciya. A gida ne take Auta.

Abu ɗaya ya rage mata kafin a saki sabon zubin wasan: wani mariƙin ƙofa. Mai Zane ya zana shi tuntuni, na tagulla ne, ya yi kore a gefe, babu ƙofa a jikinsa. Injiniya ma ya gama nasa. In ɗan wasa ya shiga uku, sai ya manna mariƙin a kowane bango ya murɗa, ƙofa ta buɗe ta mai da shi ɗakin da ya yi barcinsa na ƙarshe. Abin yana aiki lafiya lau. Dalili ne kawai babu. Wa ya yi shi, don me, kuma me ya sa ba ya kai mutum ko'ina sai inda ya kwana?

Ta rubuta na wani sarki mai gudun yaƙi, ta goge. Ta rubuta na ɓarawon da ke shiga taskar attajirai, Oga ya ce yara ma sun san wannan. Yau ta buɗe shafi fari ta zuba masa ido, ta tashi ta buɗe taga, hayaniyar titi ta shigo, ta koma ta rufe. Ta haɗa shayi ta manta da shi a kan firij.

Oga, mai kamfanin, ya shigo yana magana a waya, ya kashe ya tsaya a kanta.

"Marubuciya, Mai Murya zai zo da rana ya ɗauki labarin nan. Me zan ba shi ya karanta?"

"Ka ba shi farin shafi, ya yi mana nishi mai daɗi."

"Ba wasa nake ba. Ki sa jini a ciki, ki sa yaƙi, ki sa cin amana. Mutane suna son haka."

Tana shirin ba shi amsa wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce. Ba ta ko yi gaisuwa ba.

"Auta, Baba ya fita."

"Ya fita ina?"

"Da na sani zan kira ki? Ina bayan gida ina shanya, na dawo na ga ƙofa a buɗe. Hularsa ba ta nan, takalminsa na fita ba ya nan. Wayarsa ga ta a kan gado."

Mahaifinsu ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya. Tun bayan rasuwar mahaifiyarsu ya fara mantuwa, da farko ta mabuɗi da tabarau, daga baya ta sunaye da hanyoyi. Da abin ya yi ƙarfi suka sayar da tsohon gidan, Yaya ta ɗauke shi ya koma wurinta. Auta tana haya kusa da wurin aiki, sai ƙarshen mako take leƙawa, wani lokacin ma ba ta samu.

"Ki duba wajen mai aski da bakin titi," in ji Auta, tana tura kaya cikin jaka. "Ni zan je tsohuwar unguwa."

Oga ya matsa ya ba ta hanya. Daga baya ya ce, "Ki je. Amma ki riƙe wayarki a kunne."

Bas ɗin da ta shiga kamar da gayya yake tsayawa. Kowace kwana sai an sauke an ɗauka, ita kuwa ta manne da taga tana duba kowane tsoho mai farar hula. Ta ga wani a bakin shagon magani, sai ya juyo ta ga ba shi ba ne. A babban titi manyan motoci suna wucewa da gudu, ta tuna yadda Baba yake tsallaka hanya yanzu, hannu ɗaya a sama, ba ya duban dama ko hagu. Ta kawar da kai.

Tun da aka sayar da gidan ba ta sake bi ta layin ba. Ta sauka a bakin kwalbati, ta taka da sauri, ta wuce wurin ba ta sani ba, sai da ta ga bishiyar maƙwabta ta dawo da baya. An rushe katangar gaba. Gidan ya zama shagon sayar da tayil da kayan banɗaki, an sa masa ƙofar gilashi mai buɗe kanta in mutum ya matso. Ta matsa, ƙofar ta buɗe. Ta tsaya a daidai inda falonsu yake a dā, tsakanin wasu kwanonin wanke hannu da aka jera.

Wata mata mai shagon ta taso tana murmushin ciniki.

"Don Allah wani dattijo bai zo nan ba? Dogo ne, yana ɗan ɗingishi. Gidanmu ne a dā."

Murmushin ya canza. "Ayya. Ya taɓa zuwa, watannin baya. Ya tsaya a waje yana neman inda zai ƙwanƙwasa, ƙofar tana ta buɗewa tana rufewa, har ya ji haushi. Amma yau ban gan shi ba."

Auta ba ta san da wannan zuwan ba. Yaya ba ta taɓa faɗa mata ba. Ta bar wa matar lambarta ta fito.

Ta je gidan wayan da ya yi aiki. Rabin ginin a kulle yake, ɗaya rabin an mai da shi wurin karɓar saƙonnin kaya, babu wanda ya san shi a cikin ma'aikatan. Ta leƙa wurin masu sayar da jarida inda yake zama a dā. Ta shiga ƙaramin asibitin unguwar ta tambayi matar da ke kanta ko an kawo wani tsoho, aka ce a'a, ta ji sanyi na ɗan lokaci, sai kuma tsoron ya dawo sabo. Yaya ta kira, ita ma babu labari. Oga ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya turo saƙo: Mai Murya ya iso.

A bas ɗin komawa ne labarin ya zo mata, ba ta neme shi ba. Tana tsaye, hannu ɗaya a ƙarfen sama, sai ta ga wata mata a ranta, jiƙe sharkaf, riƙe da mariƙin ƙofa. Ta ji kunyar kanta, ubanta ya ɓata ita kuma tana tunanin wasa. Ta mai da wayar jaka. Bas bai kai tsayawa ta gaba ba ta sake fito da ita, ta fara rubutu da babban yatsa, tana ɗaga kai kowane layi ta duba titi.

Batirin ya kusa mutuwa lokacin da Mai Zane ya kira. Shi mutum ne marar yawan magana, in ya kira to da dalili.

"Marubuciya, akwai wani dattijo a nan ofis. Ya ce ya zo ɗaukar 'yarsa daga makaranta."

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Farar hula," in ji Mai Zane. "Yana ɗingishi kaɗan. Ya zauna a kujerarki."

"Kada ku bar shi ya fita. Ku ba shi ruwa. Ku rufe ƙofar bene."

Ta kira Yaya ta faɗa mata a gurguje, wayar ta mutu a hannunta kafin ta ji amsa.

A ƙasan benen ta tarar da tasin maƙwabcin Yaya, wanda kowa ke kira Direba. Shi yake kai Auta ofis duk safiyar da ta kwana a gidan Yaya. Yana jingine da mota yana goge gilashi, ya tare ta da fara'a.

"Na ga Baba a bakin titi yana tsai da mota. Ya ce in kai shi wurin Auta, lokaci ya yi. Na ce ai na san wurin. Na kawo shi har sama, na je na sauke wasu fasinjoji, na dawo ko zai koma."

"Ba ka gaya wa Yaya ba?"

Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa. "Na ɗauka ta sani. Ya yi shiga tsaf, yana magana daidai."

Ba ta da ƙarfin yin faɗa. Ta ce ya jira su, ta hau bene tana haki.

Baba yana zaune a kujerarta, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kofin shayi a hannu. Mai Murya, wani ƙaton mutum mai gemu wanda yake yin muryar dodannin wasan, ya jawo kujera kusa da shi yana saurare kamar ɗalibi. Oga yana tsaye, hannaye a baya.

"Kai ne hedimasta?" Baba yake tambayarsa, da alama ba karo na farko ba. "An tashi tun ɗazu. Me ya sa ba ka saki yara ba? Ga su nan duk sun yi zuru-zuru."

Ya nuna Injiniya da Mai Zane, waɗanda suka sunkuyar da kai a kan kwamfutocinsu.

"Yanzu za a sake su, Baba," in ji Oga. "Ɗan aiki ne ya rage."

"Aiki ba ya ƙarewa. Yaro kuma yunwa yake ji."

Auta ta ƙarasa ta durƙusa a gabansa. "Baba, sannu. Ga ni."

Ya dube ta da ladabi, irin duban da yake yi wa baƙi. "Yauwa, Malama. Ke ce ta ajinsu? 'Yata nake nema, Auta. Ƙarama ce, ba ta zama wuri ɗaya. Tana da wushirya."

Ta buɗe baki ta yi masa murmushi mai faɗi, yadda zai ga haƙoranta sosai. Ya ƙura mata ido, ya ɗan karkatar da kai.

"Ikon Allah," ya ce. "Ke ma kina da ita."

Mai Murya ya juya ya dubi bango. Auta ta miƙe a hankali, ta gyara wa Baba hular da ta karkace.

"Tana nan lafiya, Baba. Ka shanye shayinka, yanzu za mu tafi."

Ta sa wayarta a caji. Ta san in ta zauna shiru kuka zai ƙwace mata a gaban kowa, don haka da wayar ta kawo haske ta miƙa wa Oga.

"Ga labarinka."

Ya karanta a tsaye, yana motsa leɓe. Ga abin da ta rubuta:

"Ruwa ya ci birnin a yini ɗaya. Wata mata ta dawo daga kasuwa ta tarar gidanta ya nutse. Ta yi nutso ta kama mariƙin ƙofarta ta ja, shi kaɗai ya biyo ta. Ta kai wa wani maƙeri, ta roƙe shi ya sa wa mariƙin asiri yadda zai buɗe mata gida a kowane bango. Maƙerin ya yi. Amma tagulla ba ta san gida ba, abin da ta sani kawai inda mutum ya kwanta. Duk bangon da matar ta murɗa, sai ya mai da ita rumfar da ta kwana jiya. Sai ta daina barci, tana ganin in ta daɗe ba ta kwana ko'ina ba, mariƙin zai tuna da ɗakinta na farko. A tsaye aka tsince ta jikin wani bango, hannunta a kansa."

Oga ya sosa ƙeya. "Ina yaƙin?"

"Babu."

"Jini fa?"

"Ruwa ne a madadinsa."

"Ya yi tsawo. Akwatin bayanin ba zai ɗauka ba." Ya sake karantawa. "Kuma maƙeri kawai? Ki mai da shi aljani mana, ko don a ji tsoro."

A wata rana da ta tsaya sun yi ta ja har yamma. Yau ta dubi Baba, wanda ya fara laluben aljihu yana neman wani abu, ta ce, "Na ba ka aljanin. Ka bar min ƙarshen."

"Injiniya, akwatin zai iya ƙaruwa?"

Injiniya ya ce zai iya, amma kada a sake tambayarsa wani abu a makon nan.

Mai Murya ya karɓi wayar ya shiga lungun da suka liƙe da soso suka mai da shi ɗakin ɗaukar murya. Aka kunna lasifika. Ya fara da muryarsa ta dodanni, mai kauri kamar daga cikin rijiya, ya kai tsakiya ya tsaya da kansa. Ya sha ruwa, ya sake farawa da muryarsa ta yau da kullum, a hankali. Mai Zane ya jawo hoton mariƙin a allo, ya ɗauki alƙalaminsa ya fara goge koren da ke tsakiya, yana sa wurin ya yi sheƙi kamar inda hannu ya daɗe yana kamawa.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya juya wurin Auta.

"Malama, mutumin nan mura yake yi? A ba shi wani abu mai zafi."

Dariya ta kuɓuce wa Injiniya, ya toshe baki. Auta ma ta yi, har sai da ta share ido da bayan hannu.

Saukowa daga bene ta ɗauki lokaci. Baba yana tsayawa a kowane hawa yana waiwaye, yana cewa ba za a tafi a bar yarinya ba. Oga da kansa ya riƙe masa hannu, yana ce masa an riga an sallami 'yan ajinsu. A cikin mota Baba ya ƙi jingina. Ya zauna a bakin kujera yana leƙen kowace yarinya mai kayan makaranta, yana cewa Direba ya rage gudu. Direba kuwa duk lokacin sai ya rage.

Yaya tana tsaye a ƙofar gida da zanin aikinta, idanunta sun yi ja. Ta buɗe ƙofar motar.

"Baba, sauko."

"Ba zan sauka ba. Ba mu ɗauko Auta ba. Uwarku za ta ce na manta da ita."

Auta ta buɗe baki, Yaya ta ɗaga mata hannu. Ta sunkuya cikin motar ta rage murya.

"Ai tana ciki, Baba. Maƙwabta sun taho da ita. Ta gaji, ta yi barci. Ka shiga a hankali kada ka tashe ta."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai. Ya fito, a bakin ƙofa ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya shiga yana sanɗa.

Direba ya fara ba da haƙuri, Yaya ta ce ya bari, ta karɓi wayarsa ta sa masa lambarta da kanta. Bayan ya tafi ta wuce kicin, Auta ta bi ta. Tukunya tana kan murhu tun safe, wutar a kashe, kayan shanya rabi a bokiti.

"Ba ki gaya min ya taɓa zuwa tsohon gida ba," in ji Auta.

"In gaya miki ki yi me? Ki turo min saƙon sannu?" Yaya ta kunna wuta da ƙarfi. "Ke kina can kina ƙirƙiro aljanu, ni ina nan ko wanka ba na yi da kwanciyar hankali. Gobe zan kira kafinta ya sa kwaɗo a ƙofa, yadda Baba ba zai iya buɗewa ba."

"In kika kulle shi zai fasa taga."

"To ki zo ki tsare shi."

"Zan zo."

Yaya ta juyo da ludayi a hannu, tana duban ta kamar ba ta ji daidai ba.

"Rubutu ne aikina, a ko'ina zan iya yi," in ji Auta. "Zan kawo kwamfutata. Ranakun da dole sai na je ofis, mu tsara. Da safe in fita da shi ya taka, ko ya rage masa wannan zumuɗin."

"Ogan naki zai yarda?"

"Yau Baba ya yi masa faɗa a gaban ma'aikatansa. Zai yarda."

Yaya ta so ta yi dariya ta danne. Ta juya ga tukunya. "Ɗaki babu. Sai dai falo, kuma yara suna kallo har su gaji."

"Na ji."

"Kuma ba ki san komai ba. Ba ki san maganin safe da na yamma ba. Ba ki san ba ya cin abinci in an tsaya a kansa ba. In ya tambaye ki Mama, ba a ce masa ta rasu, sai ya yi kuka kamar yau aka yi."

"Me ake cewa?"

"Ta je unguwa."

Auta ta jingina da firij. Sai yanzu ta ji ƙafafunta suna zogi, ta ga ƙura ta yi wa takalminta fari. Yaya ta tura mata kujera da ƙafa, ta ci gaba da lissafa mata abubuwa, muryarta tana hawa tana sauka: yadda ake ɓoye mabuɗin gas, da rigar da yake ƙi, da likitan da ya kamata a koma wurinsa amma ba a samu wanda zai raka su ba.

Labulen kicin ya motsa. Baba ne, har yanzu takalmin yana hannunsa, ya sa yatsa a leɓe.

"Ku rage murya," ya ce.

Suka ce to. Ya saki labulen ya koma. Yaya ta matso da kujerarta kusa, suka ci gaba da maganar likitan cikin raɗa.